Tsakanin Gwaggo da Umma: Abin da Fim ɗin John Lennon Ya Tono Mini

Na san wasu da sun ga sunan John Lennon a sama za su ce, to shi kuma wannan me ya haɗa ɗan Bahaushe da mawaƙin Turawa da ya mutu tun kafin a haife mu? Ku yi haƙuri ku biyo ni a hankali. Ni ma ba wani masoyin waƙoƙin Beatles ba ne can, in ka ce in lissafo maka guda goma wataƙila in tsaya a bakwai. Amma akwai wani fim da aka yi a kan ƙuruciyar mutumin nan, sunansa Nowhere Boy, wanda na kalla sau biyu a rayuwata, kuma duk biyun a lokacin da nake cikin tsaka mai wuya. Na farko ina ɗan shekara 17, na biyu kuma watan jiya, a daren da matata ta haihu.

Bari in fara da fim ɗin saboda waɗanda ba su gani ba. An sake shi a Ingila ranar 26 ga Disamba 2009. Sam Taylor-Wood ce ta ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinta na farko, Matt Greenhalgh ya rubuta labarin, Aaron Johnson ya fito a matsayin John. Abin da zai ba ka mamaki, har fim ɗin ya ƙare ba za ka ji an ambaci kalmar Beatles ko sau ɗaya ba. Labarin ya tsaya ne a Liverpool tsakanin 1955 zuwa 1960, lokacin John yana yaro mai taurin kai a makarantar Quarry Bank, ba wanda ya san shi sai malaman da yake ba wa ciwon kai.

An haifi John ranar 9 ga Oktoba 1940. Ubansa, Alf, ma'aikacin jirgin ruwa ne, ya fi zama a teku a kan gida. Auren iyayensa ya lalace tun yana ƙarami, to daga wajen shekara 5 sai ya koma hannun yayar mahaifiyarsa, wadda ake kira Mimi, da mijinta George Smith, a wani gida mai suna Mendips a titin Menlove, unguwar Woolton. Mimi ba ta taɓa haihuwa ba. Mace ce mai tsari da tsanani, ba ta son raini, ba ta son hayaniya, kullum yaron zai fita sai ta bi shi da faɗan ya sa tabaransa. Ita kuwa mahaifiyar, Julia, tana nan cikin garin tare da wani mutumin da 'ya'yansu mata biyu, tafiyar da ba ta fi mil biyu ba. Julia mai fara'a ce, mai son rawa da waƙa, ita ta koya wa John kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin molo, kuma a wajenta ya kamu da son Elvis. Kristin Scott Thomas ta fito a Mimi, Anne-Marie Duff ta fito a Julia, kuma abin dariya, a gasar BAFTA ta 2010 su biyun aka sa a rukuni ɗaya suna neman lambar yabo guda. Ko a wajen fim sai da aka haɗa su takara.

To ga inda nawa labarin ya shigo. An haife ni a Manchester a 1992. Babana karatu ya kawo shi, auren su da mahaifiyata ya mutu ina shekara 3, shi ya tattara ya koma Zariya, ni kuma aka bar ni hannun yayarsa da ke aure a nan, wadda nake kira Gwaggo. Nas ce, aikin dare ta yi kusan duk ƙuruciyata, ita ma Allah bai ba ta haihuwa ba. Mahaifiyata ta sake aure ta koma Bradford, tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa. Tana zuwa da ƙaramar sallah da babba, da ledar kaya a hannu, ni kuma in durƙusa in gaishe ta in ce "Anti, sannu da zuwa." Wallahi haka na tashi ina ce mata, ba wanda ya gyara mini. Sai ina shekara 9, a wajen wani taron suna, wata yarinya sa'ata ta dube ni ta ce, "Kai wawa ne? Ai waccan ita ta haife ka." Na koma gida na tambayi Gwaggo. Tana tsaye tana guga, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "To sai me? Je ka yi alwala." Maganar da aka taɓa yi mini a kai ke nan.

Wani abu kuma da ku 'yan nan za ku gane: cikin matan nan biyu ba wadda take kiran sunana. Sunan kakana na wajen uba aka sa mini, wato mahaifin Gwaggo, saboda haka ita "Babana" take ce mini. Mahaifiyata kuwa ni ne ɗanta na fari, kunya ba ta barin ta faɗi sunan, sai dai "kai" ko "yaron nan". Waɗanda kawai suke kiran sunana kullum su ne malaman makaranta, su ma a karkace. Ina tsaye a bakin ƙofar makaranta ina kallon iyayen Turawa suna rungume 'ya'yansu suna sumbatarsu a goshi, ni kuma a raina ina cewa ina da uwa har biyu amma ba ko ɗaya da take yi mini haka.

Da na kai shekara 15 sai na faɗa harkar waƙa. Lokacin salon grime ne yake tashe a wajenmu, su Wiley da Dizzee Rascal, kowane yaro yana ganin in ya samu kwamfuta da makirfo shi ma gobe za a ji shi a rediyo. Ni da abokaina biyu muna haɗa kiɗa a ɗakin ɗayanmu. Ranar da Gwaggo ta ga makirfo a jakata, ɗauka ta yi ta kulle a durowarta, ta ce, "Babana, gidanmu gidan malamai ne. Ba mu gaji roƙo ba, kuma ba a kanka za a fara ba." Na ce mata wannan ba roƙo ba ne, fasaha ce. Ta ce in an gama fasahar in zo in nuna mata sakamakon jarrabawa. An ce ita ma Mimi haka ta riƙa gaya wa John, wai jita ba laifi ba ce amma ba za ta taɓa ciyar da shi ba. Da alama masu riƙo duk makaranta ɗaya suka yi.

Gidan Bradford kuwa wata duniya ce daban. Daga bakin ƙofa za ka jiyo Barmani Choge ko Shata, ko waƙar fim ɗin Indiya, mahaifiyata tana bi tana juya miya, ƙannena suna tsalle a kan kujera ba mai tsawata musu. Da na fara zuwa ni kaɗai a ɓoye, na sa mata abin da muka haɗa ta ji, ta yi ta dariya tana kaɗa kai, ta ce ba ta gane ko kalma ɗaya ba amma muryar ta babanta ce. Ta ciro fam 40 ta ba ni in sayi wani makirfon. A hutun ƙarshen shekarar 2009 muka yi wani mummunan faɗa da Gwaggo a kan sakamakona, har na faɗa mata maganar da har gobe in na tuna sai na runtse ido. Na ce, "Ai ba ke kika haife ni ba." Na ɗauki jakata na hau jirgi.

Ina can Bradford, a watan Janairu 2010, wani abokina ya ja ni silima muka kalli Nowhere Boy. Ni na shiga ne don in huta da sanyi. Kafin a kai rabi na ji kamar wani ya leƙa cikin gidanmu ya je ya ba da labari. Ga John ya yi laifi an dakatar da shi daga makaranta, ya ɓoye wa Mimi, kullum da safe sai ya sa kayan makaranta ya wuce gidan Julia yana koyon banjo. Ga mijin Julia yana kallonsa a kaikaice. Ga Mimi ta sayar da jitar da ita da kanta ta saya masa, saboda sakamakonsa ya yi muni. A lokacin na gama yanke hukunci: Julia ce mai ƙauna, Mimi kuwa mai gadin kurkuku ce. Da aka zo wajen da mota ta kaɗe Julia ta mutu, na yi kuka har abokina ya ji kunya ya matsa kujera ɗaya.

Wannan wajen ba ƙirƙira ba ne. Ranar 15 ga Yuli 1958, Julia ta fito daga gidan Mimi za ta tsallaka titin Menlove ta hau bas, wani ɗan sanda da ba ya bakin aiki ya buge ta da mota. Shekarunta 44, John yana da 17, daidai shekaruna a ranar da nake zaune a silimar. Shekara ɗaya kafin nan, ranar 6 ga Yuli 1957, ya haɗu da Paul McCartney a wani bikin cocin St Peter a Woolton, inda ƙungiyarsa ta Quarrymen take wasa. Shi ma Paul mahaifiyarsa ta rasu a 1956 da ciwon daji. Bayan rasuwar Julia su biyun suka zama marayun uwa, kuma duk waƙoƙin da duniya ta sani daga baya daga wannan haɗuwar suka taso.

Na fito daga silima da niyyar ba zan sake komawa Manchester ba. Amma sati uku kawai na yi. A doguwar kujerar falo nake kwana, kuma ina lura da yadda mijin mahaifiyata yake yin shiru in na shigo. Ba mugun mutum ba ne, gidan ne ƙarami, ni kuma ƙato. Wata rana da asuba ta zo ta zauna a gefena, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Kai, ka shirya ka koma wajen Gwaggonka. Ita ce uwarka. Ni haihuwa kawai na yi." A ranar ji na yi an sake yar da ni karo na biyu. Na shiga jirgi ban yi mata sallama ba.

Na isa gida bayan magariba, na tsaya a bakin ƙofa na fi minti goma ina shirya abin da zan faɗa. Gwaggo ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka yi sallah? Tuwo na cikin kula." Shi ke nan. Ba faɗa, ba tambaya, ba runguma. Sai bayan shekaru mijinta, Baba, yake gaya mini cewa duk daren sati ukun nan sai ta tuƙa tuwo da rabona ta zuba a kula, da safe ta juye. Ya ce ya yi mata magana, ta ce in yaron ya dawo cikin dare fa, me zai ci?

To watan jiya Allah ya ba mu 'ya mace. Aka kwantar da matata a asibiti, aka ce in tafi gida in dawo da safe. Barci ya ƙi zuwa, don tun kafin haihuwar na san abin da ke jirana: kwana bakwai ne da ni in fitar da suna, kuma kowa a dangi ya san 'yar fari sunan uwar miji ake sa ran za ta ci. Wace uwar? Ina ta juyi sai na tuna fim ɗin nan, na nemo shi na kunna.

Wallahi kamar wani fim aka canza mini. A farkon labarin mijin Mimi, George, wanda shi ne abokin wasan John a gidan, ya yanke jiki ya faɗi ya mutu. A zahiri ma a watan Yuni 1955 ya rasu, John yana shekara 14. Yaron ya zo yana kuka zai rungume ta, ita kuwa tana tsaye a kicin tana ta aikinta, ta ce masa ya bar shirme. Ina ɗan 17 na ga mace mara zuciya. Yanzu kuwa hannunta na kalla, da yadda ta ƙi juyowa don kada yaron ya ga fuskarta. Gwaggo ce tsaye a kan guga. Na kuma lura da abin da ban gani ba a da: ita Julia ɗin ma ba daɗi take ji ba, akwai ranar da John ya zo yana buga ƙofa tana ciki cikin duhu ta kasa tashi. Sai na tuna asubar nan a Bradford, na tambayi kaina ko me ya ci mata kafin ta iya furta wannan magana.

Sai dai fim fim ne, kada mu ɗauke shi kamar littafin tarihi. An gina shi ne a kan abin da ƙanwar John ta wajen uwa, Julia Baird, ta rubuta, kuma ita ɓangaren mahaifiyarta ta tsaya. A fim an nuna kamar sai bayan mutuwar George ya gano inda uwarsa take, alhali ya riga ya san gidan yana zuwa tun kafin nan. Akwai kuma shahararren labarin Blackpool na 1946, wai uban ya sa yaro ɗan shekara 5 ya zaɓa tsakaninsa da uwarsa. Fim ɗin ya ɗora nauyi sosai a kan wannan, amma marubucin tarihin Beatles, Mark Lewisohn, a littafinsa na 2013 ya kawo shaidar wani da yake gidan a ranar, wanda ya ce manyan ne suka sasanta a tsakaninsu. Wannan ma darasi ne a gare ni. A gidanmu in ka tambayi dangin uba yadda aka yi na koma hannun Gwaggo za su ce uwar ce ta tafi ta bar ni, in ka tambayi dangin uwa za su ce ƙwace ni aka yi. Na daina neman wanda zai ba ni labari guda ɗaya mai tsabta, don na gane babu shi.

Abin da na fahimta yanzu shi ne, riƙo a wajenmu ba abin kunya ba ne, ba kuma irin ɗaukar ɗa na Turawa ba ne da ake canza wa yaro suna a rufe fayil. Yaro yana nan da sunan ubansa da gadonsa. A gida, inda dangi suke unguwa ɗaya, ɗan riƙo yana ganin uwarsa kullum, kuma yana ganin wasu yara goma irinsa, ga kaka da za ta zaunar da shi ta yi masa bayani cikin wasa. Kawaicin uwa ga ɗan fari kowa ya san ma'anarsa. Amma da aka ɗauko al'adar aka kawo ta gida mai ɗaki biyu a Manchester, sai aka zo da shirun aka baro masu fassara shi. Mu kuma da ido irin na nan muke karanta shirun, sai mu ga ƙiyayya a inda ake nufin kara. A nan dole in faɗi gaskiya ko da iyayenmu za su karanta: ba daidai ba ne yaro ya ji wace ce uwarsa daga bakin wata yarinya a gidan suna. Kunya ba ta hana a zaunar da yaro minti biyar. Shekarun da na yi ina zargin kaina, ina cewa ko wani aibu ne da ni aka bayar da ni, da magana kaɗan ta raba ni da su.

A ƙarshen fim ɗin John ya zo wajen Mimi da takardar neman fasfo, za su tafi Hamburg ta Jamus yin wasa, tafiyar da suka yi a watan Agusta 1960. A takardar akwai wajen sa hannun uwa ko mai riƙo. Mimi ta tambaye shi ita wace ce a ciki, ya ce mata duka biyun. Nan na dakatar da fim ɗin. Takardu nawa Gwaggo ta sa wa hannu a kan wannan layin, na makaranta, na asibiti, na tafiye-tafiye, ban taɓa tunanin me take ji in ta zo wajen ba. Sannan aka rubuta a allo cewa John ya ci gaba da kiran Mimi a waya kowane mako har ƙarshen rayuwarsa. An harbe shi a New York ranar 8 ga Disamba 1980, ita kuma ta rayu har 1991. Gidan Mendips yana nan, matarsa Yoko Ono ta saye shi a 2002 ta miƙa wa hukumar National Trust, mutane suna zuwa kallo.

Ranar kwana uku da haihuwa na kira Bradford. Yanzu "Umma" nake ce mata kamar ƙannena, ko da yake sai da na kai shekara 20 bakina ya saba. Kafin in gama gaisuwa ta ce, "Kai, kada ka tsaya wani tunani. Sunan Gwaggonka za ka sa. In ka sa nawa ban yafe ba." Na je wajen Gwaggo da yamma, yanzu ta yi ritaya, ƙafa ta fara ba ta matsala. Na gaya mata abin da Umma ta ce. Ta yi tsaki ta ce, "Babana, ba ka da hankali ne? Uwa uwa ce. Wata tara ta ɗauke ka. Ka sa sunanta, ni me zan yi da takwara?" Tana faɗa tana gyara zanen kujerar da ba abin da ya same shi.

Sunan Gwaggo na sa. Da liman ya faɗi sunan, mata suka yi guɗa, na waiga ban gan ta ba, ashe ta shige kicin wai za ta duba shinkafa. Umma ce ta karɓi jaririyar, ta ce tunda ba mai iya kiran sunan a gidan nan sai a riƙa ce mata Ummi. Har yanzu ban sani ba ko abin da ta faɗa a waya har zuciyarta ne, ko kuwa kara ce irin wadda ta yi mini a asubar nan. Wataƙila ba zan taɓa sani ba. Da za ta tafi na raka ta tashar jirgi, na ce, "Umma, in Allah ya kawo wata, taki ce." Ta ce, "Kai dai ka kula da Gwaggonka, ƙafar nan tata ba ta yi mini ba."

Waƙa kam tuni na bari, makirfon yana nan a durowar Gwaggo in ba ta yar ba, kuma duniya ba ta yi asarar komai ba. Abin da na ɗauka daga John Lennon shi ne kiran wayar nan. Ya rasa tasa uwar yana shekara 17, lokacin da suka fara sabawa, ni kuwa Allah ya bar mini nawa duka biyun. Duk Juma'a bayan na sauko daga masallaci ina kiran Manchester, in kira Bradford. Gwaggo ba ta wuce minti uku, ta tambaye ni Ummi, ta tambaye ni sallah, ta kashe. Umma kuwa sai batir ya yi kuka.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai 'yan riƙo da yawa, a Landan, a Jidda, a Kumasi, a Amurka, waɗanda aka bar su wajen gwaggo ko inna ko kaka ba a ce musu komai ba. In kana cikinsu, ka je ka yi tambayar tun suna raye, ko da amsar "je ka yi alwala" ce. Ina so kuma in ji naku labarin. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, waɗanda suka haifa da waɗanda suka riƙa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai wani jiƙon.